Amsa: Shin Atina ce babban birnin Girka na farko?

Malam, ka tambaya ko Atina ce hedkwatar Girka tun da ƙasar ta samu 'yanci. A'a. Nafpliyo ce ta riƙe matsayin har 1834, sannan Sarki Otto ya mayar da gwamnati Atina.

Nafpliyo na bakin teku a yankin Argolis, gabashin Feloponis a kudancin Girka, kamar kilomita 140 daga Atina, tafiyar awa biyu a mota. Dalilin zaɓensa tsaro ne: tashar jiragen ruwa a gaba, duwatsu a baya. Gwamna Kafodistiriyas, shugaban Girka na farko bayan 'yanci, ya zauna a nan, nan kuma aka harbe shi a ƙofar cocin Sifiridon a 1831.

Ganuwar Falamidi da ke kan dutse, mita 216 sama da gari, mutanen Benis (birni a Italiya ta yau) suka gina ta tsakanin 1711 da 1714. Ko shekara biyu ba su yi suna cin moriyarta ba, Turkawan Usmaniyya suka ƙwace a 1715, sai 1822 ta shiga hannun Girkawa. Ana cewa matakalarta 999 ne, amma masu ƙirgawa ba sa kaiwa haka. In za ka hau da bazara, ka yi sammako ka riƙe ruwa, babu inuwa a hanya.

Wani abin lura: majalisar dokoki ta farko ta zauna ne a wani tsohon masallacin Turkawa da ke tsakiyar gari. Bayan gari kuwa fili ne shimfiɗe da gonakin lemo har garin Argos, kufan tsohon birnin Maisini na nan kamar kilomita 25 arewa.