Kallon The Black Book da yara a falo

Ɗan'uwa, ka tambaya ko fim ɗin The Black Book ya dace ka kunna wa iyali gaba ɗaya, tunda an ce maka labarin uba da ɗansa ne. Gaskiya a'a, ku kalla kai da uwargida bayan yara sun kwanta.

Ni ma haka na ruɗu da Netflix ta sake shi a 2023, na kalle shi da yara a falo. Richard Mofe-Damijo ya fito a uban da gurɓatattun 'yan sanda suka kashe wa ɗa bayan sun laƙa masa sharrin garkuwa da mutane, daga nan sai ramuwar gayya da harbe-harbe. Wasansa ya burge ni, ko da yake tsakiyar fim ɗin ya ɗan ja. Amma autana kwana biyu yana firgita cikin barci.