Tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka: shin sun cancanci a zuba musu jari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kwamfutoci na hannu a Kano. A cikin wani kaya da na saya a dunƙule na tarar da tsofaffi guda uku: ɗaya babba kamar akwatin keken ɗinki, an rubuta mata Compaq Portable, sai wata ƙarama mai suna TRS-80 Model 100, da kuma Toshiba T1000. Yaron shagona ya ce Turawa na tara irinsu suna saye da tsada. Ina da naira miliyan biyu da nake tunanin warewa in riƙa nemo su ina sayarwa waje. Me za a ba ni shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron naka bai yi ƙarya ba, amma bai faɗa maka rabin zancen ba. Kafin mu shiga lissafi, ga abin da ya fi gaggawa: kada ka jona ko ɗaya daga cikinsu da wuta, kada kuma ka bari yara su gwada. Irin wannan kaya sukan mutu a hannun wanda ya tsince su, da zarar an jona su da wuta.

Abin da ke hannunka kayan tarihi ne na gaske. Osborne 1, wadda ta fito a Amurka a 1981 a kan dala 1,795, ita ce ta fara buɗe kasuwar kwamfutar da ake ɗauka a tafi da ita, duk da allonta inci 5 ne kacal, nauyinta kuma ya haura kilo 10. Kaypro II ta biyo baya a 1982 da allon inci 9 da jikin ƙarfe. Compaq ɗinka ta shiga kasuwa a 1983, kuma darajarta a tarihi ita ce tana ɗaukar manhajojin IBM PC ba tare da IBM ce ta ƙera ta ba. Model 100 ma 'yar 1983 ce, kamfanin Kyocera na Japan ya ƙera, Radio Shack ya sayar. Batir AA huɗu take ci ta yi kusan awa 20, shi ya sa 'yan jarida suka rungume ta a zamanin, kuma Bill Gates da kansa ya rubuta kaso mai yawa na manhajar cikinta. Toshiba T1000 ta zo a 1987, ɗauke da MS-DOS, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a cikin jikinta.

Sai dai tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Waɗannan ukun an ƙera su da yawa, kuma har yau ana samun su a ɗakunan ajiyar gidajen Amurka da Turai. Masu tarawa sun fi zuba kuɗi a kan waɗanda suka yi ƙaranci, irin su GRiD Compass ta 1982, mai jikin magnesiyam, wadda hukumar NASA ta riƙa sakawa a kumbonta, ko Macintosh Portable ta 1989, ko IBM 5100 ta 1975. Commodore SX-64 ta 1984, mai allo mai launi, ita ma tana da masoya. Ko a cikin samfuri guda, abu uku ke raba farashi: tana aiki ko ba ta aiki, kayanta sun cika ko babu, an taɓa canza mata wani abu ko tana nan yadda ta fito. Littafinta, da faya-fayanta na asali, da jakarta, da kwalinta, sukan ɗaga farashi fiye da yadda ɗan kasuwar sabbin kaya zai zata. In ka ga wata takarda ko waya a cikin wancan kaya, kada a zubar.

Farashi kuwa, kada ka ɗauke shi daga bakin kowa, har ni. Ka shiga eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ka rubuta sunan samfurin, ka zaɓi jerin waɗanda aka riga aka sayar, ba waɗanda aka kasa ana jiran mai saye ba. Mutum na iya sa wa kayansa dala dubu ya shekara babu wanda ya taya. Ka duba cinikai goma na ƙarshe, ka ware masu aiki daban, matattu daban, ka ɗauki na tsakiya. Wannan shi ne farashin kasuwa.

Yanzu ga inda ribar ke zurarewa. Masu sayen nan suna Amurka, Jamus, Ingila da Japan, kayan kuma suna Kano. Kamfanonin aika kaya ta jirgi suna auna nauyi biyu ne, su caje ka a kan wanda ya fi: nauyin sikeli, da nauyin girman kwali, wato tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5,000. Compaq ɗinka kilo 13 ce a sikeli, amma tana da allon gilashi irin na tsohuwar talabijin, dole a sa ta a kwali biyu da soso a tsakani. Kwalin da ya kai santimita 65 da 55 da 35 ya zama kilo 25 ke nan a wurinsu. Model 100 ba ta kai kilo biyu ba, kwalinta na 40 da 30 da 15 bai wuce kilo 3.6 ba. Ka je ofishinsu ka tambayi kuɗin kilo 25 zuwa Amurka, ka kwatanta da farashin da ka gani a eBay. Sau da yawa kuɗin jirgin ya kai kuɗin kwamfutar ko ya fi, alhali mai sayen yana iya samun irinta a jihar da ke maƙwabtaka da shi. Ga kuma la'adar eBay, wajen kashi 13 cikin 100, wadda ake cirewa daga jimillar kuɗin har da na aikawa. A ce ka sayar a kan dala 200, aikawa dala 100: la'adar a kan 300 za a lissafa, kusan dala 40. Sannan idan kayan ya isa a fashe, ko mai saye ya ce ba yadda ka kwatanta ba ne, kuɗinsa za a mayar masa, kai kuma ka rasa kaya ka rasa kuɗin jirgi. Sabon mai sayarwa da ba shi da tarihin ciniki shi ya fi shan wannan.

Saboda haka, a ganina, manya masu allon gilashi ba kayan fitarwa ba ne daga nan. Ƙananan ne ke iya biyan kuɗin tafiyarsu: Model 100 da 'yan uwanta NEC PC-8201 da Olivetti M10, Epson HX-20 ta 1982 mai 'yar firinta a jiki, Cambridge Z88 ta Ingila ta 1987, da Toshiba na farko-farko.

Mu koma kan ukun da ke gabanka, don a nan aikin yake. Fara da Model 100. Buɗe gidan batir ka duba ko akwai farin gari ko tsatsa mai launin kore. Amma babban maƙiyinta yana ciki: wani ƙaramin batir mai bolt 3.6 da aka like da dalma a kan fanel, wato faifan da ke ɗauke da kayan lantarkinta, don riƙe bayanai. Bayan shekara arba'in yana yoyo, ruwansa na cin layukan tagullar fanel a hankali. A kwance sukurori huɗu na ƙasa, a raba jikin a hankali saboda wayoyin allo da na madannai, mai gyara ya cire batirin. Inda ya zuba, a goga ruwan khal da ɗan buroshi, tunda ruwan batirin na kanwa ne, tsami ke kashe shi; a bi da sifirit, a bar shi ya bushe sarai. Kafasitocinta, ƙananan na'urorin da ke tara wuta a kan fanel, su ma sukan yi yoyo, a duba gindinsu. Lokacin gwaji a yi amfani da batir AA sababbi, a tabbatar makunnin ma'ajiyar bayanai da ke ƙasanta yana kunne, don in yana kashe ba za ta tashi ba, mutane da yawa kuma sukan ɗauka ta mutu. A juya 'yar ƙafar daidaita allo da ke gefe har rubutu ya fito. In ka ga BASIC, TEXT, TELCOM a allo, tana da rai. Kada a soka mata kowace caja: bolt 6 take so, kuma tsakiyar bakin cajarta nagetif ne, akasin yawancin cajojin yau.

Toshiba T1000 ta dogara da batirinta na ciki ko da an jona caja, saboda haka rashin tashinta ba hujja ba ce cewa ta lalace. A cire tsohon batirin, a duba kafasitocin sashen wuta, don su ne suka fi zubar da ruwa a irin wannan samfurin.

Compaq ita ce mai haɗari. Duba takardar da ke kusa da mashigar wuta: in an rubuta 120, ta Amurka ce, wutarmu kuwa 230 ce, sai da taransifoma mai rage wuta. Ko da taransifoma, kafasitocin tantalam da ke kan fanel sukan haɗe su yi ƙara su ƙone, don haka mai gyara ya fara auna layukan bolt 5 da 12 da mita kafin a ba ta wuta. A yawancin na'urorin wannan zamani, har da Osborne, akwai kuma kafasitoci samfurin RIFA a sashen wuta, masu jiki kamar ruwan zuma da ya daskare. In ka ga sun tsattsage, za su yi hayaƙi mai wari, a canza su tun kafin. Allon gilashin yana riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an cire soket, wannan aikin tsohon mai gyaran talabijin ne, ba na yaron da ya koyi gyaran waya ba. Madannanta kuma in sun ƙi aiki, soson da ke ƙarƙashin kowane maɓalli ne ya ruɓe ya zama gari. Ana sayar da madadinsa.

Abu guda da nake roƙonka: kada a yi musu fenti, kada a kankare lambar jikinsu, kada a goge su da fetur don su yi ƙyalli. Mai tarawa ya fi son jikin da ya yi ɗorawa don tsufa a kan wanda aka yi wa kwalliya. Duk abin da aka cire a ajiye a leda, duk abin da aka canza a rubuta a faɗa wa mai saye. Ajiyarsu a ɗaki mai sanyi da bushewa, a kan kanta, nesa da rana. Zafi da laima na ɓata fatar allon LCD har ta riƙa warin tsami, gara kuma ba ta barin littafi da kwali.

Batun miliyan biyu: ban ba ka shawarar ware su ba. Kuɗin shagonka yana juyawa a mako ko wata, wannan kaya yana iya kwana wata shida kafin mai so ya zo, kuma ba ka da tabbacin samun wani in wannan ya tafi. Sayo su daga waje don a sake mayarwa waje kuwa asara ce tun daga lissafi, ban da cewa hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ta hana shigo da kayan lantarki matattu, masu kawo na hannu ma sai sun yi rajista. Sayen su ta hoto daga hannun wanda ba ka sani ba kuma cinikin biri a sama ne, tunda ɓarnar batir ba ta fitowa a hoton waje.

Ribarka tana wajen saye da arha a gida. Ka ware abin da ba zai taɓa shago ba in ya kwanta, kamar kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗin. Ka buga hotunan samfura biyar ko shida ka ba 'yan gwangwan da 'yan jari bola da ka sani, ka ce za ka ba su sama da abin da za su samu in sun fasa don tagulla, da sharaɗin kada su kunna. Ka gyara Model 100 ka fara da ita kaɗai: bidiyo tana aiki, hoton fanel bayan an cire batir, hoton lambar jiki. Kafin ka kasa ta, ka tabbatar da hanyar da dalar za ta iso hannunka. In kana da amintacce a Ingila ko Amurka mai tsohon asusun eBay, ku yi yarjejeniya a rubuce kan kasonsa da wanda zai ɗauki asara in an dawo da kaya. Ka cire kowane batir kafin aikawa, don kamfanonin jirgi ba sa karɓar batirin da ya lalace. Compaq kuma ka nema mata mai saye a cikin gida, sashen koyar da kimiyyar kwamfuta na wata jami'a ko masu shirya fim da ke neman kayan shekarun 1980, ko ka sayar da sassanta ɗaya-ɗaya, tunda katinta na hoto da madannanta suna shiga ƙaramin kwali.