Mini Cooper mai ƙofa uku: za ta iya da titunan Legas?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Agege nake zaune, ina aiki a Ikeja. Na ga wata Mini Cooper tokumbo mai ƙofa uku, ƙirar 2012, a kasuwar motoci ta Berger, ta kwanta mini a rai. Kuɗinta kusan ɗaya da na Corolla. Ina da mata da jariri. Shin tana da daɗin zama, kuma kuɗina ba zai tafi a banza ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Daɗin Mini a kujerar direba yake. Sitiyarinta na jin magana, tana shiga kwana kamar an ɗaure ta da titi, ga sauƙin fakin a lungunan Ikeja. Kamfanin BMW ne ke ƙera ta tun 2001, kuma ana ganin hannunsu a aikin cikinta.

To amma ƙofa ukun nan har da ta but ake lissafawa, wato ƙofar shiga biyu ce kacal. Duk wanda zai zauna a baya sai an kwantar da kujerar gaba ya sunkuya ya kutsa. Ka ƙaddara uwargida da goyo da jakar kayan jariri, ko Hajiya ta zo daga gida ganin jika. But ɗin ƙirar 2012 lita 160 ne, keken jariri kaɗai ya cinye shi. Ba banza ba Audi ta daina yin A1 mai ƙofa uku a 2018, BMW ma ta bi sahu da 1 Series a 2019: masu saye sun koma ga mai ƙofa biyar.

Sai titi. Motar gajeriya ce, ƙafafunta da tauri, da yawa kuma suna zuwa da tayar nan da ake iya ci gaba da tafiya a kanta bayan ta yi faci, wadda gefenta ke da ƙarfi. Kowane rami sai ka ji shi a ƙugunka. Idan damina ta sauka ruwa ya kwanta a hanya, kada ka bi sahun danfo, domin injin da ya sha ruwa ya gama.

Batun kuɗi kuwa, injin ƙirar 2007 zuwa 2013 da Peugeot aka haɗa shi, kuma an san shi da matsalar sarƙar taimin (sarƙar da ke daidaita motsin sassan injin) da shan baƙin mai. Kayan gyaransa akwai a kasuwar Ladipo, sai dai da tsada, kuma ba kowane bakanike ke taɓa shi ba. Ranar sayarwa ma Corolla ba ta kwana a hannu, Mini kuwa sai an jira mai sha'awa.

Da ni ne, da iyali, Corolla zan ɗauka. Idan zuciya ta ƙi haƙura, ka ƙara kuɗi ka nemi ƙirar 2014 zuwa sama, mai injin BMW da but na lita 211. Ka je da bakanikenka da sassafe ya tayar da ita injin na sanyi, ya saurari ƙarar sarƙa, ya kuma duba ko 'yar Ingila ce da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu.