Hukuncin cire kallabi ga ɗalibar aikin jinya a Faransa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Damagaram ce, ina karatun aikin jinya a Faransa. Wata malamarmu ta sa ni a gaba a aji kan sai na cire kallabi, kuma an ce in muka fara koyon aiki a asibiti dole in cire. Ƙawayena sun ce Azhar ta riga ta halatta. Zan iya cirewa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, wuri biyu kika haɗa, aji da asibiti, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Wajabcin rufe gashi da wuya kin san shi. Fuska da tafuka kuwa ba al'aura ba ne a mazhabar Malikiyya, don haka dokar 2010 da ta hana rufe fuska ba ta shafe ki ba.

Fatawar da ƙawayenki suke riƙe da ita maganar Shaihul Azhar Muhammad Sayyid Ɗanɗawi ce, Allah ya jiƙansa. Ya yi ta a Alƙahira a Disambar 2003, a gaban Nicolas Sarkozy yana ministan harkokin cikin gida na Faransa. Cewa ya yi Faransa tana da ikon kafa dokarta, kuma macen da aka tilasta wa ta shiga hukuncin mai larura. A wannan zaman ma ya faɗa ƙarara cewa hijabi farilla ne, amma wannan rabin ba a cika ruwaito shi ba. Malamai da yawa sun yi masa raddi tun a lokacin. To ko mun karɓi maganar yadda take, ba ta kai ajinku ba. Dokar hana sa alamar addini da aka kafa a Maris 2004 ta tsaya ne kan makarantun gwamnati na firamare da sakandare. A 2017 babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta yanke cewa ɗaliban aikin jinya suna da 'yancin sa alamar addini a aji, sai lokacin koyon aiki a asibitin gwamnati ne ƙa'idar da ta hana ma'aikata sa alamar addini take hawa kansu. Ina tilascin yake ke nan? Larura sai ta tabbata ake aiki da ita, tsoronta kawai bai isa ba. Harara da habaici suna da ciwo, na sani, amma ba sa mai da haram halal. A aji kada ki cire.

Asibitin gwamnati nan ne matsi na gaske yake. Ki fara neman a tura ki asibiti mai zaman kansa, ki tambayi ƙa'idarsu tun kafin ki sa hannu. In bai samu ba, ki roƙi izinin sa hular tiyata da ke tattare gashi, da riga mai dogon wuya. In duk ƙofofi sun rufe, kuma barin karatun zai jawo miki asarar tallafi da takardar zama, to ki cire gwargwadon abin da aka tilasta, a ƙofar sashen aiki, ki mayar da zarar kin fito, zuciyarki tana ƙin abin. Sassaucin na watannin koyon aiki ne kawai. Karɓar aikin dindindin bisa wannan sharaɗi wata magana ce daban, ban ba ki fatawa a kanta ba. Tun yanzu ki fara tunanin gida, matan Damagaram da yawa sun fi son mace ta duba su.

Malamar nan kada ki yi mata tsiwa, kuma kada ki kai ta Facebook. Duk ranar da ta yi miki magana ki rubuta kwanan wata da abin da ta faɗa da waɗanda suka ji, ki kai wa hukumar makaranta a rubuce. In sun share ki, akwai ofishin Défenseur des droits mai karɓar ƙorafin wariya kyauta. Ƙawayenki da suka cire kuma kada ki raina su ko ki yanke su, a baƙuwar ƙasa kina buƙatarsu. Ki nuna musu hukuncin kotun nan, wataƙila ba su san da shi ba.

Wallahu a'alam.