Me ya sa Hilary Mantel ta daɗe ba ta yi suna ba?

Tambaya: Malam, na ji an ce marubuciyar Ingila Hilary Mantel ta ci kyautar Booker, babbar kyautar littattafan ƙagaggun labarai na Turanci, sau biyu, amma sai da ta haura hamsin duniya ta san ta. Me ya jinkirta ta?

Amsa: Malama, ai tun tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai take rubutu. An haife ta a 1952 a garin Glossop na Ingila, ta karanci shari'a a Landan da Sheffield. A 1977 ta bi mijinta, masanin duwatsu da ma'adinai, zuwa Botswana, inda ta kammala wani ƙaton littafi kan juyin juya halin Faransa. Masu ɗab'i suka ƙi karɓa. Haka ya zauna a ajiye har 1992, kafin ya fito da sunan A Place of Greater Safety.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ciwonta. Tun tana jami'a take fama da matsanancin ciwon mara, likitoci suka ɗauka larurar ƙwaƙwalwa ce, suka yi ta ɗura mata magungunan ƙwaƙwalwa. A Botswana ta zauna da littafin likitanci tana bin shafi-shafi, har ta gano cutar da kanta: endometiriyosis, wato naman da ke shimfiɗe cikin mahaifa ya riƙa tsirowa a wajenta. Tana da shekara 27 aka yi mata tiyata, haihuwa ta gagare ta har abada. Da wannan jiki ta ci gaba da rubutu, har a shekaru huɗun da ta yi a Jidda.

Littattafanta sun yi ta fitowa tun 1985, masana na yabo, kasuwa kuwa shiru-shiru. Sai 2009 ta fito da Wolf Hall, labarin Thomas Cromwell, ɗan maƙeri daga Putney, kusa da Landan, da ya zama na hannun daman Sarkin Ingila Henry na takwas. Mutumin da tarihi ya saba kira mugu, ita ta shiga cikin ransa, ka ji kamar kana tsaye a bayansa yana lissafin wa zai faɗi gobe a fada. A ganina, wancan littafin Faransa da aka ƙi ne ya koya mata wannan hannun.

Booker ta farko ke nan, tana da shekara 57. Ta biyu ta zo a 2012 da Bring Up the Bodies, ci gaban labarin Cromwell, ta zama mace ta farko da ta ci sau biyu. Ta kammala labarin Cromwell a 2020, ta rasu a Satumban 2022 tana da shekara 70.