Tambaya da Amsa: Mu sa bom a buhunan masara, ko akwai haɗari ga yara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana mun bar haya a cikin Jos mun koma ɗan filinmu wajen Bukuru, burinmu mu riƙa cin abin da muka noma. Bana ne girbinmu na farko, mun samu masara buhu bakwai da wake buhu biyu. Bamu da sito, ɗaki biyu ne da falo, yaranmu biyu ƙanana. Maƙwabta sun ce mu ƙulle ƙwayar maganin ƙwarin hatsi da ake kira bom a tsumma mu cusa cikin kowane buhu mu jera a ɗakin da ba a kwana, waken kuma a yayyafa mai fiya-fiya, wai in aka wanke aka shanya shikenan ya fita. Ni dai hankalina bai kwanta ba, amma ina tsoron ƙwari su cinye mana wahalar shekara. Ya zamu yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya sa albarka a girbin. Kar ku sa bom ɗin nan a gidan da kuke kwana, ko da ɗakin a kulle yake, kuma kar fiya-fiya ya taɓa wakenku.

Wannan maganar ta bom ita ce nake fama da ita kullum in kaka ta yi, har na gaji da maimaitawa. Mutane sun ɗauka ƙwayar ce guba, shi yasa suke ƙulle ta a tsumma suna ganin tunda bata taɓa hatsin ba ai an tsira. Toh ba haka take aiki ba. Sunanta aluminiyam fosfayid, da zarar ta haɗu da laimar iska sai ta fara fitar da iskar gas da ake kira fosfin, gas ɗin shi ke kashe ƙwarin, kuma shi ke kashe mutum. Tsumma baya riƙe gas, buhun masara na kasuwa duk ƙofofi ne, ƙofar katako bata riƙe shi, zai bi ta ƙarƙashin ƙofa, ta silin, ta tsagar bango ya shiga inda kuke barci, kuma kinsan yadda muke a Jos in sanyin Disamba da Janairu ya shigo, kowa ya toshe taga ya rufe ko'ina, wato daidai lokacin da iska bata fita daga gida. Yara su ke fara faɗuwa saboda jikinsu ƙarami ne. Amai, ciwon ciki, jiri, numfashi sama-sama, sai a ce ai abinci ne ya ɓata musu ciki ko kuma a ce aljanu ne a tafi neman rubutu, alhali gubar tana ɗakin kusa tana ci gaba da fita. Kuma abin da ya fi tada min hankali, wannan gubar bata da makari, a asibiti ma taimaka wa jiki kawai ake yi a ga ko zai jure. An yi ta ne don manyan sito da ƙwararru, a rufe ruf da tamfol, nesa da gidaje, amma yau yaro a kan tebur a kasuwa zai ɓalle maka ƙwaya uku ya ƙulle a leda ya ce "Alhaji ɗaya a buhu", bai taɓa karanta abin da ke jikin gwangwanin ba, wallahi wannan ba sana'a bace, wasa da rai ne. Wasu kuma su ce in ba ka ji wari ba babu komai. Kar ki dogara da hanci, balle mai barci.

Fiya-fiya kuma, sinadarin da ke ciki shi ne dikulobos, irin na Sniper. Saboda ragowarsa a jikin wake Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, a 2019 kuma NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa. Wanki da shanya basu da tabbas, balle na kwalba da ake haɗawa a lungu wanda ba wanda ya san ƙarfinsa.

Abin da zaku yi bai da wuya. Ku nemi buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro tun farko don wake, leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje. Ki hura ledar ki duba ko ta huje, ku zuba hatsi, ku matse iskar, ku ɗaure kowace ɗaya daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan iskar da ta rage su mutu, babu magani ko ɗigo. Ku tambaya a shagunan kayan gona ko wajen malaman gona na PADP, hukumar bunƙasa noma ta Jihar Filato. Waken da zaku riƙa ci kuma jarka mai tsabta mai murfi mai kyau ta isa, a cika ta har baki a rufe gam, amma banda wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi. Ku ware na cin wata ɗaya daban don kar ana buɗe manyan buhunan kullum.

Sai dai duk wannan aikin banza ne in masarar bata bushe ba, kuma nan ne namu na Filato ke cutuwa, saboda ruwa kan kai Oktoba ga raɓa da safe. Ɗanyar masara a leda fumfuna zata yi, fumfunar kuma ita ke kawo gubar afulatoksin mai lalata hanta, kar ma ki ce zaki ba kaji. Ki samu busasshiyar kwalba, ki zuba masara kamar sulusi da cokali biyu na busasshen gishiri, ki girgiza ki ajiye kamar minti 15 ki sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar bata bushe ba, a mayar da ita rana, a kan tamfol ba a ƙasa ba. Buhunan ku ɗora su kan katako, kar su jingina da bango, ku yi maganin ɓera da tarko saboda huda ɗaya ta isa ta ɓata ledar.

In kuma har an riga an sa bom ɗin kafin ki rubuto, yau ɗin nan ki fitar da yaran su kwana wani gida, a buɗe tagogi da ƙofofi, babba ya fitar da buhunan fili nesa da ɗakuna, kar a zuba wa ƙwayar ruwa. Duk wanda ya fara amai ko jiri kar a tsaya ɗura mai manja ko madara, a wuce asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko asibiti mafi kusa, a faɗa wa likita sunan abin da aka sa.