Fata, buri da sa rai: amsa ga masoyan wata jaruma

Tambayoyin da suka zo mini wannan makon kusan duk a kan mace ɗaya suka taru, wata 'yar wasa da ke fitowa a wani shiri mai dogon zango. Zangon da ake ciki ya kusa ƙarewa, masoyanta kuma sun shiga lissafin abin da za ta fito a ciki nan gaba. Ba zan kama sunanta ba, don ni da kalmomi nake hulɗa, kuma kalmomin da masoyan suka yi amfani da su sun ishe mu aiki.

Wata ɗaliba daga Samaru ta rubuto: "Malam, mun yi musu da ƙawata. Na ce burina in ga ta fito a Sarauniya Amina cikin shirin Hausa, ita kuma ta ce kuskure ne, wai fatana ya kamata in ce. Wa ke da gaskiya?"

Ƙawarki ta fi ki kusa da gaskiya, 'yata, amma ke ma ba ki yi ɓatan kai ba. Buri abu ne da mutum ke ɗaura wa kansa, yana da hannu a ciki, yana tashi tsaye a kansa. Burinki ki gama karatu, burin ɗan acaɓa ya mallaki mashin nasa na kansa. Fata kuwa yana kan abin da ke hannun wani, ko hannun Allah kaɗai. Gwada wannan ki gani: ana yi wa mutum fata, amma ba a yi masa buri. Kin sha jin "ina yi miki fatan alheri", ba ki taɓa jin "ina yi miki burin alheri" ba. Shi ya sa ma buri yake iya zama abin zargi, a ce wane dogon buri gare shi, wato ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa. A wasu garuruwan guri za ki ji an ce, kalma ɗaya ce, karin harshe ne ya raba su.

To amma ga inda kika tsira. Uwa takan ce "burina in ga aurenki", alhali ba ita za a ɗaura wa auren ba. Hausa ta yarda mata ta faɗi haka domin tana da ruwa da tsaki: ita ke adashi, ita ke tara kwanuka da katifa a ƙarƙashin gado tun yarinya na aji uku. Saboda haka da kika ce burinki ne, nahawu bai kama ki da laifi ba, asirinki dai kika tona. Kin ɗauki wannan baiwar Allah tamkar 'yar ɗakinku, ita kuwa ko sunanki ba ta sani ba. Ban ga laifinki ba. Wadda ke wuce ɗakin kwanan ɗalibai mai sunan Amina kullum a jami'a, ta taso tana jin kirarin "Amina 'yar Bakwa ta san rana", dole ta so ta ji wannan labarin da bakin Hausa, tunda an riga an yi fim ɗinsa da Turanci.

Bari in ɗan ratse, tunda a Zariya muke. Fata biyu gare mu a rubuce: ta jikin akuya da na zuciya. A baki sauti ke raba su, ta akuya muryarta na sauka a gaɓar ƙarshe. A nahawu kuma jinsi ke raba su, a ce fatar akuya amma fatan alheri, fatata amma fatana. Sai dai mu Zazzagawa mun saba yi wa jinsi riƙon sakainar kashi. A kasuwar Tudun Wada za ka ji "fatan akuya" da "motan Alhaji" ba wanda ya ɗaga kai. Ɗalibaina Kanawa da Sakkwatawa kan yi mana dariya a kan haka. A magana ba komai, a rubutu dai a kiyaye.

Akwai sauran 'yan gidan da ya kamata ki sani. Zato da tsammani lissafi ne na kai, ba lallai da so a ciki ba: kina iya tsammanin abin da kike ƙi. Shi ya sa aka ce ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Wanda ya fi duka ciwo shi ne sa rai, domin a nan ranki kika ɗauka kika ajiye a kan abin. Hausawa suka ce sa rai ga ci shi ke kawo jin yunwa. In abin bai samu ba sai a ce a fid da rai, ko a cire rai, kamar ana zare ƙaya. Kalmar da ta fi ba ni sha'awa a wannan layin ita ce yanke ƙauna. Duba da kyau: wanda ya daina sa rai, ƙauna aka ce ya yanke. A tunanin Bahaushe so da sa rai igiya ɗaya ce, ba ka sa rai ga abin da ba ka ƙauna. Duk wanda ya kira kansa masoyin ɗan wasa, to ya riga ya ɗauki wannan igiyar ya ɗaura a wuya.

Wani tela daga Sabon Gari ya ce da ya faɗi a shago cewa wata rana sai an ga wannan jarumar a finafinan ƙasashen waje, abokan aikinsa suka yi dariya, wani dattijo ya ce "fata nagari lamiri". Yana tambaya: mene ne lamiri, kuma goyon baya dattijon ya ba shi ko gatse ya yi masa?

Goyon baya ne, ɗan'uwa. Lamiri Larabci ne, daga damiri, abin da ke ɓoye a zuciya. Harafin nan na Larabci da almajirai ke kira lodi, in ya shigo Hausa yakan koma lam. Haka aka samu alƙali, alwala, farilla, larura, har da sunan Ramalan, wanda mu nan Zazzau ba baƙonmu ba ne. Masu karatun nahawun Hausa ma sun san lamirin suna. Abin da karin maganar ke nufi shi ne kyakkyawan fata daga kyakkyawar zuciya yake fitowa, kuma bakin mutum na iya zama sanadi, don haka a faɗi alheri. Ana yin ta ne daidai lokacin da wani ya faɗi abin da ake ganin ya yi nisa, a maimakon a gwale shi. Da gatse dattijon ya so yi, da "tsammanin warabbuka" zai ce maka, wato na malamin da ya ƙi noma don zakka.

Tambaya ta uku ita ta fi tsayawa mini a rai. Wata Hajiya daga cikin birni ta ce ta ji raɗe-raɗin wai a shiri na gaba muguwar kishiya za ta fito. Ta ce: "Malam, ta yaya za a ce jaruma, sannan a ba ta mugunta? Ai jaruma ba ta zalunci. Ko dai sunan ne ba daidai ba?"

Ranki ya daɗe, kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Jarumi a asalin Hausa sunan fagen fama ne, mai ƙarfin zuciya wanda ba ya ba da baya, wasu kuma su ce zarumi. Lokacin da Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934 babu wani fim ɗin Hausa da za a ce ga jaruminsa. Amina jaruma ce da wannan tsohuwar ma'anar, ta doki da mashi da ganuwa. Sabuwar ma'anar ta silima ta biyo, musamman finafinan Indiya, inda kullum akwai saurayin da ke dukan mutum goma ya ƙwato budurwa. Muna yara akta muke ce masa, abokin gabarsa kuma bos, kuma kowane yaro ya san akta ba ya mutuwa. Da aka nemi kalmar Hausa sai aka ɗauko jarumi, kuma ta dace da shi a cikin labarin. Matsalar ta faro ne da kalmar ta fito daga cikin labarin ta bi mutumin har gida. Bayan finafinan bidiyo sun kankama a Kano daga 1990, sai ya zama duk wanda ya tsaya gaban kyamara jarumi ne, ko da ɓarawon akuya ya fito. Yau har cewa ake "jarumin barkwanci", abin da kakanninmu za su riƙe baki in sun ji.

Kin ga ke da tsohuwar ma'anar kike auna ta, su kuma 'yan fim da sabuwar suke kiranta. Sunan sana'arta na gaskiya shi ne 'yar wasan kwaikwayo. Kwaikwayo ɗan'uwan koyo ne, ninka kalmar aka yi, kamar yadda ake ninka tambaya a ce tantambaya. Aikinta ta ari halin da ba nata ba ta yafa, ta cire in an tashi. Wannan ba baƙon abu ba ne wurinmu. Yaron da ke manna gemun auduga da azumi, daga goma ga wata, yana tashe yana tafiyar tsofaffi, ba wanda ya taɓa ce masa ya tsufa.

Amma na san inda tsoronki yake, kuma ba tsoron banza ba ne. Mu Hausawa muna da halin liƙa wa ɗan wasa sunan da ya fito da shi har ya danne na yanka. Marigayi Ƙasimu Yero, ɗan garin nan, ya rasu a 2017, amma har gobe da yawa Karambana suka sani. Usman Baba Pategi ya zama Samanja, Rabilu Musa ya zama Ibro har kabari. In sunan na raha ne, da sauƙi. In na mugunta ne, mace ce kuma, sai ta shiga kasuwa a riƙa binta da harara.

Na ga wannan da idona a gidan yayata, can wajen Ƙofar Doka. Bayan isha'i ne, an ɗauke wuta, jikanta ya jingina waya da fulas ɗin shayi a tsakar gida, mata biyar sun kewaye ta a tabarma. Aka nuno wata kishiya tana barbaɗa magani a miya. Yaya ta ajiye carbi ta nuna wayar da yatsa ta ce, "Allah ya isa tsakanina da ke, baƙar annamimiya." Na ce, "Yaya, ai wasa ne, yarinyar nan wataƙila ko aure ba ta yi ba." Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Kai dai boko ya cuce ka. In ba halinta ba ne, ya aka yi ta iya?" Na yi shiru, don na lura wannan tsinuwar ita ce yabo mafi girma da yarinyar ta samu a daren, sai dai ba mai gaya mata.

Ra'ayina, Hajiya, in kina ƙaunarta da gaske, ki bar ta ta gwada muguntar. 'Yar wasan da shekara biyar tana kuka a kan sallaya, ana zaluntarta tana haƙuri, ba mu san iyakar gwanintarta ba tukuna. Sai an gwada akan san na ƙwarai. So hana ganin laifi ne, gaskiya, amma wani lokacin har gwaninta yakan hana gani.

Ta ƙarshe gajera ce. Wani malamin firamare daga Kwangila ya tambaya ko "rawar da za ta taka" Hausa ce tsantsa, tunda ba rawa za ta yi ba.

Hausa ce, Malam, kuma ta zauna daram. Taka rawa ta dandali tsohuwar magana ce, haka ma rawar gani. Ma'anar gudummawa ko matsayi a cikin wani al'amari, a ganina bakin masu fassara labarai a rediyo ne ya yaɗa ta, har ta kai ana cewa gwamnati ta taka rawa wajen sulhu. Su 'yan fim a tsakaninsu rol suke cewa, mai kallo kuma ya ce "ta fito a likita", "ya fito a ɗan sanda", wannan ta fi duka sauƙi a baki. Amma ina son taka rawa saboda tana tuna mana da makaɗi. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma a wannan sana'ar ganga tana hannun marubuci da darakta da wanda ya zuba kuɗinsa. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014 shirye-shirye masu dogon zango suka yawaita, ɗan wasa kan shafe shekaru cikin riga ɗaya, ba don ya rasa wata ba, sai don ita masu kallo suka saba gani, ita kuma mai kuɗin ke sayarwa. Masu cika shafin jarumar da "don Allah ki fito a lauya", "don Allah kada ki yarda a ba ki kishiya", ƙofar mai rawa suke ƙwanƙwasawa, makaɗin yana can gefe yana shan shayi.

Wanda ya tambayi bambancin "ita tauraruwa ce" da "tauraruwarta na haskawa", da mai son bayanin tauraruwa mai wutsiya, su yi mini haƙuri sai mako mai zuwa.